Tukwane Arba'in da Biyu a Hannun Mai Faci

Ranar Talata abin ya fara, ranar da rana ta buɗe tun ƙarfe takwas na safe kamar wadda aka yi wa laifi. Ko ganye ɗaya bai motsa ba. Kwalta ta yi laushi har tana kama takalmi, kuma a irin wannan rana ne tayoyi suka fi fashewa, wato ranar cinikin Mai Faci ce. Amma sai ya rufe rumfarsa ta bakin titi, ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya sa farar rigarsa guda ɗaya tilo, ya nufi gidan su Auta.

Shekara biyu ke nan yana neman Auta. Tela ce, shagonta yana kallon rumfarsa, titi ne kawai a tsakani. Ita ta yarda tun tuni. Mahaifinta ne ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a.

Baba tsohon mai kula da lambu ne. Shekara talatin ya yi yana raya furannin manyan gidaje, da ya ajiye aiki kuma sai ya cika tsakar gidansa da shuke-shuke: na cikin tukwanen ƙasa, na cikin bokitan roba, na cikin gwangwanayen fenti. A tsakiyarsu akwai bishiyar lemon tsami a cikin rabin gangar ƙarfe, an ɗora ta a kan bulo huɗu. Mahaifiyar Auta ce ta dasa ta da hannunta shekara guda kafin ta rasu.

Abin da Baba yake ƙi game da Mai Faci ɗaya ne.

"Yaron nan ba ya zama," in ji shi. "Ya bar makaranta a aji biyu. Ya yi kwandasta, ya yi walda, ya yi wankin mota, yanzu faci. Ko gaisuwa yake yi, ƙafarsa ɗaya tana waje."

Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, tana da nata lissafin. Ɗanta akawu ne a wani ofis, yana da jakar hannu da takalmi mai ƙyalli, kuma ta riga ta gama ɗaura masa aure da Auta a cikin ranta.

Da Mai Faci ya yi sallama ya shiga, ya tarar da su duka a inuwar baranda. Akwati biyu a ɗaure. Za a kai Baba babban asibiti a cire masa yanar ido, ido biyun duka, ɗaya bayan ɗaya. Sati uku za su yi, kuma Auta ce mai jinya.

"To wa zai ba su ruwa?" Baba ya tambaya, yana nuna tsakar gida da sandarsa.

"Ni dai ka san gwiwata, Yaya," in ji Gwaggo.

Akawu ya duba agogonsa. "Kawu, ƙarfe bakwai nake fita. Amma zan iya sa a nemo wani."

"A nemo wani! Su 'ya'yan wani ne?"

Mai Faci bai san sa'ad da bakinsa ya buɗe ba.

"Ni zan yi, Baba."

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Kai? Ai ba taya ba ce, ɗan nan. Ba a hura musu iska."

Baba ya daɗe yana kallon inda muryar ta fito, da idanunsa masu hazo. Daga bayan labule Auta ta daina ninke zane.

"Matso," in ji Baba. "Abu uku ne. Da safe ake ba su, kafin rana ta yi ƙarfi. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Na uku, kafin ka zuba, ka cusa yatsanka a ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, ka wuce, ba ta so. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Maimaita."

Ya maimaita, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Arba'in da biyu ne, har da lemon. In na dawo da idona, zan ba ka amsar da ka daɗe kana nema."

Ya miƙa masa makullin ƙofar gida. Gwaggo ta miƙe tsaye, ta manta da gwiwa.

*

Washegari tun hantsi bai ɗaga ba Mai Faci yana cikin gidan da butar ban-ruwa a hannu.

Matsala ta farko yatsa ne. Shekara huɗu yana kankare roba da ɓamɓare taya daga ƙarfe, hannunsa ya yi kanta kamar tafin ƙafa. Ya cusa yatsa a tukunyar farko har gaɓa ta biyu. Bai ji danshi ba, bai ji bushewa ba, bai ji komai ba. Ya gwada ɗaya hannun. Duk ɗaya.

"To ni yanzu yaya zan yi da ke?" ya tambayi na'a-na'ar da ke gabansa.

Ba ta ce komai ba. Ya duba sama, ya ga yadda ranar take shirin yi, ya ce a ransa babu mai rai da zai ƙi ruwa a wannan zafi. Ya zuba.

A nan ne ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Bai gama zubawa ba sai ga ruwa yana tsiyayowa ta ƙarƙashin tukunyar, yana bin siminti yana tafiya magudana. Ya karkata ta ya leƙa. Huji! Zagayayye, kamar girman kan babban yatsa.

Ya duba ta biyu. Huji. Ta uku, bokitin roba, huji har biyar. Gwangwanin fenti kuwa kamar rariya.

"Innalillahi," in ji shi a hankali. "Tsohon nan ido ya hana shi gani. Duk kayan nan yoyo suke yi!"

Ya tsaya ya riƙe ƙugu, tausayi ya kama shi. Dattijo yana ta ɗibar ruwa da ciwon baya, ashe rabinsa a ƙasa yake ƙarewa. Ga ɗan ƙanwarsa mai jakar hannu yana shiga yana fita, bai taɓa sunkuyawa ya duba ba. To shi Allah ya kawo. In akwai abu ɗaya a duniya da ya sani, shi ne huji ba abin bari ba ne. Kullum aikinsa ke nan: ya tsoma taya a bahon ruwa, ya bi kumfa har ya gano inda take fitar da iska, ya kankare, ya shafa gam, ya manna, ya danne. Duk motar da ya yi wa faci, har tayar ta suɗe facin ba ya ɗagawa.

Da yamma ya dawo da jakar kayan aikinsa.

Kwana uku ya yi yana wannan hidima. Ya karkata kowace tukunya a hankali kamar mai juya majinyaci, ya goge gindinta, ya bar shi ya bushe, ya kankare da takardar yashi, ya yanka roba daidai wurin, ya manna. Masu motoci suna ta yi masa waya daga rumfa, yana cewa su yi haƙuri yana kan babban aiki.

A rana ta uku ne Akawu ya shigo ɗaukar wasu takardun Baba. Ya tsaya a bakin baranda yana kallon tukwanen da aka jera a karkace, kowace da baƙin faci a gindi.

"Me kake yi haka?"

"Yoyo suke, Yaya. Duk na toshe."

Akawu ya buɗe baki, ya rufe. A gidan nan ya yi duk hutun makarantarsa yana yaro. Ya kalli tukwanen, ya kalli Mai Faci da gam har gwiwar hannu, sai wani murmushi ya fara daga gefe ɗaya na bakinsa.

"Kai, sannu da ƙoƙari. Aiki ya yi kyau."

"Na gode, Yaya."

"Ka yi na lemon?"

Mai Faci ya dafa kai. "Wallahi na manta da gangar nan!"

"Ai ita ce babba. Ita Kawu ya fi ji da ita."

Kafin Akawu ya kai ƙofa, Mai Faci ya riga ya kwanta rigingine a ƙarƙashin gangar, tsakanin bulo da bulo, kamar mai gyaran mota. Huji takwas ya samu. Ya yi wa kowanne faci biyu, saboda muhimmancinta.

*

Satin farko komai lafiya. Ruwa ya daina gudu, siminti ya bushe tas, Mai Faci yana tafiya a tsakar gidan kamar mai gida.

Auta takan kira shi da rana daga barandar asibiti.

"Kana sa yatsa?"

"Ina sawa." Ba ƙarya ya yi ba. Yana sawa.

"Lemon Inna fa?"

"Yana gaishe ki. Ke dai bari, akwai wani gyara da na yi wa Baba, sai kun dawo."

"Wane irin gyara? Don Allah kada ka taɓa komai. Ruwa kawai aka ce."

"Ke dai ki kwantar da hankalinki."

"Duk ran da ka ce in kwantar da hankalina, a ranar yake tashi."

A kwana na tara na'a-na'a ta sunkuyar da kai. Ganyen barkono na ƙasa ya fara zama rawaya. Mai Faci ya tsuguna yana kallonsu, ransa a ɓace.

"Haba! Jiya-jiyan nan na ba ku."

Ganye ya langaɓe, me yake nufi in ba ƙishi ba? Shi ma in ya wuni a bakin titi haka yake langaɓewa. Ya ƙara musu buta guda-guda. Washegari suka ƙara langaɓewa, sai ya koma safe da yamma. Da furen wardi ya fara zubar da ganye, ya ajiye buta ya jawo tiyo daga famfo.

"Ku sha! Me kuke so kuma? Shayi zan dafa muku?"

Ruwa ya kwanta a saman tukwanen, ba ya sauka. Wani kore-kore ya fito a bakin ƙasar. Sauro ya samu unguwa. A kwana na goma sha biyar wani wari ya fara tashi, irin na kwata da ta toshe, Mai Faci ya bi magudanar gidan kaf da sanda bai ga abin da ya toshe ba.

Lemon ne ya fi daɗewa yana jurewa. Sai a sati na uku ya fara sakin ganye, kore da shi, ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe Mai Faci ya share su ya zuba a filin da ke bayan gidan, ya ce wa kansa sauyin yanayi ne, ai bishiya takan canza ganye. Ya daina cin abinci sosai. Ya daina buɗe rumfa sai bayan azahar. Wata safiya har ya tsaya a gaban gangar ya yi mata magana da ladabi.

"Ranki ya daɗe, ki rufa mini asiri. Saura kwana biyu."

Ganye uku suka faɗo a kan takalminsa.

*

Ranar Laraba da hantsi motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Gwaggo da Akawu sun riga sun iso tarbar mara lafiya, amma Gwaggo ta ƙi shiga, ta ce a bari mai gida ya fara shiga da ƙafarsa. Akawu ya sa sabuwar riga. Mai Faci yana tsaye gefe da makulli a hannu.

Auta ta fito da Baba, baƙin tabarau a fuskarsa. Ta kalli Mai Faci ta yi masa wani murmushi da bai taɓa gani ba, irin na wadda ta zo da albishir tana ɓoyewa.

Baba ya taka ƙofa, ya yi taku uku, ya tsaya. Ya ɗaga hanci.

"Me ya mutu a gidan nan?"

Ya sa hannu ya cire tabarau. Abu na farko da sababbin idanunsa suka gani sarai a gidansa, bayan shekara uku yana gani cikin hazo, shi ne tukwane arba'in da biyu cike da ruwa, da karare baƙaƙe a tsaye a cikinsu.

Jakar da ke hannun Auta ta faɗi.

Baba ya taka zuwa tukunyar wardi. Ya kama karan da yatsa biyu, ya ja kaɗan. Ya fito salin-alin, saiwarsa baƙa, tana narkewa kamar jiƙaƙƙen zare. Warin ya bugi kowa.

"Sau nawa kake ba su?"

"Da farko sau ɗaya, Baba. Da na ga suna jin ƙishi na koma biyu."

"Ƙishi."

"E, Baba. Amma ba laifin ruwa ba ne, don ko ɗigo ba ya ɓacewa yanzu." Mai Faci ya ji lokacin ya yi da zai fito da abin kirkin da ya yi, ko ya rage zafi. Ya karkata wata tukunya ya nuna gindinta. "Duk yoyo suke, Baba, ba ka gani ba saboda ido. Na toshe su gaba ɗaya. Arba'in da biyu."

Baba ya kalli baƙin facin. Ya kai hannu ya shafa shi. Ya sa farce ya gwada ɗaga gefensa, ko motsi bai yi ba.

"Ka toshe."

"Wallahi har su fashe ba zai ɗaga ba."

"Har da ganga?"

"Har da ita. Ita kam gaskiya na manta, kada in ci haƙƙin mutum. Yaya Akawu ne ya tuna mini, ya ce ita ka fi ji da ita."

Akawu ya fara neman wani abu a cikin jakarsa.

Auta ce ta fara motsi. Ta je gaban lemon, ta dafa gangar da hannu biyu, ta kalli rassan da suka zama tsirara. Ba ta yi ihu ba. Ta juya ta bi ta ƙofar baya da sauri, mayafinta yana jan ƙasa.

*

Ya same ta a filin bayan gidan, zaune a kan turmin da aka kife, kusa da tarin ganyen lemon da ya yi ta sharewa yana ɓoyewa. Ta ga tarin. Wannan ya ƙara.

"Auta."

"Kada ka kira ni."

"Don Allah ki saurare ni."

"In saurari me? Ruwa aka ce ka ba su. Ruwa! Abin da yaro ɗan shekara biyar yake yi. Wa ya aike ka gindin tukunya?"

"Na ga yana zuba ne."

"Ai don ya zuba aka huda! Baba da kansa yake zama da ƙusa da guduma yana hudawa. Saiwa numfashi take yi, kamar ni da kai. In ruwa ya kwanta mata, shaƙewa take. Ka taɓa ganin an tsoma mutum a randa sati uku an ce ana shayar da shi?"

"Ba wanda ya faɗa mini."

"Wa zai faɗa maka? Wa zai zauna ya yi tunanin akwai mutumin da zai yi wa tukunyar fure faci? A duk duniya kai kaɗai ne!"

Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu cikin fushi, wasu suka biyo.

"Na tambaye ka a waya. Na ce kana sa yatsa, ka ce kana sawa."

"Ina sawa. Ba na jin komai ne." Ya miƙa mata hannayensa, tafin sama. "Duba. Ko wuta na taɓa sai an jima nake sani."

Ta kalli hannayen. Gam ya bushe a gefen farce, ga sabon yanka a babban yatsa. Ta kawar da kai.

"To me ya hana ka faɗa? Ka ce Auta, yatsana ba ya ji, yaya zan yi? Minti ɗaya ne. Amma a'a, kai gwani, sai ka yi abin da za a yi mamaki. To an yi mamaki. Ga shi nan kowa ya yi."

"So nake Baba ya ga ina da amfani."

"Ka san abin da ya fi ƙona mini rai?" Muryarta ta karye. "Ya yarda."

Mai Faci ya ji kamar an zare masa iska.

"Wa?"

"Baba. Sati uku ina zaune a gefen gadonsa. Ina ɗiga masa magani ina ba shi labarinka. Na ce kullum kana gidan tun safe, na ce ka rufe rumfa saboda shukarsa. Na yi kuka har mai jinyar gadon kusa ta sa baki. Shekaranjiya da aka buɗe masa ido na biyu, ya ce, 'To Auta, in dai yaron nan ya iya zama sati uku a kan abu ɗaya, na amince. Ina sauka zan faɗa masa ya turo manyansa.' Da wannan maganar muka shigo mota. Da ita muka sauka a ƙofar nan!"

Ya zauna a ƙasa, a kan ganyen, bai ma sani ba.

"Na kashe kaina," in ji shi.

"Da kanka kaɗai ka kashe ai da sauƙi. Lemon Inna fa? Shi kaɗai ne abin da ta taɓa da hannunta da yake da rai a gidan nan. In na yi kewarta ganyensa nake murzawa in shinshina."

Ta ɗebo ganye ɗaya daga tarin, ta murza. Ya ruguje a hannunta. Ta fashe da kuka sosai, shi kuma ya rasa inda zai sa hannayen nan nasa, sai ya cusa su a hammata.

"Ki ce in tafi, in tafi."

"Ka tafi ina? Ka jiƙa mana gida ka tafi? Wallahi da ina iya daina son ka da yau na daina, in huta. Na gwada tun daga ƙofar can zuwa nan, abin ya ƙi."

Daga tsakar gida muryar Baba ta taso.

"Ku zo nan, ku biyun."

*

Baba yana zaune a kan kujerarsa ta roba a gaban ganga. Gwaggo tana tsaye tana magana tun ɗazu, da alama ba ta tsaya shan iska ba.

"Ai na faɗa, Yaya! Na ce ba taya ba ce. Wanda aka ba tukunya ya kashe, a ba shi 'yar mutum? Ga yaro nan mai hankali, mai ilimi, ɗan gida..."

"Mai ilimi," in ji Baba. Ya juya ga Akawu. "Kai, shekara nawa kana riƙe mini gwangwani ina hudawa?"

"Kawu, ni na ɗauka..."

"Ka san amfanin hujin ko ba ka sani ba?"

Akawu ya kalli takalminsa.

"Ka sani. Ka shigo ka ga wannan sakaran yana shaƙe mini shuka, ka yi masa sannu da aiki. Ka ga ya tsallake ta uwar Auta, ka nuna masa. Shi ya yi ɓarna da guminsa, bai sani ba. Kai ka yi taka da riga mai guga." Ya nuna ƙofa da sanda. "Ka gaishe da ofis."

"Yaya, ɗana kake kora?"

"Ke ma in gwiwar ta yarda, ki raka shi."

Gwaggo ta ja mayafi, ta ce ba za ta sake taka gidan ba ko gobara ake yi. Ƙarar ƙofar da ta buga ta sa lemon ya saki ganye ɗaya daga cikin 'yan da suka rage.

Mai Faci ya fara jin wani ɗan sanyi a ransa. Bai daɗe ba.

"Kai kuma, goge wannan fuskar. Ba ka ci nasarar komai ba. Kwanta ka cire mini abin da ka liƙa."

Ya kwanta a ƙarƙashin ganga. Ya sa farce, ya sa wuƙa, ya sa filaya. Facin ya ƙi. Bai taɓa jin haushin ƙwarewarsa ba sai yau. Daga ƙarshe Auta ta miƙo masa ƙusa da guduma ba tare da ta dube shi ba. Bugu na uku ƙusar ta shige, wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya tsinke masa a fuska da farar rigarsa. Babu wanda ya ce masa sannu.

Har la'asar suna aiki. Suka zazzage kowace tukunya, Baba yana duba saiwa. Mai farar saiwa a ajiye gefe, mai baƙar saiwa a jefa a buhu. Lemon suka ciro su uku da ƙyar, Baba ya datse ruɓaɓɓun saiwoyi da almakashinsa, suka mayar da shi cikin busasshiyar ƙasa mai yashi. Sannan ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon kututturen. Can ciki akwai ɗan kore, siriri kamar zare.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Na zo maka da amsa daga asibiti," in ji shi, bai juyo ba. "Tana cikin buhun can tare da sauran."

"Na sani, Baba."

"Ba ka san komai ba, shi ne ciwonka, kuma ba ka tambaya." Ya tsinke wani busasshen tsinke daga tsintsiya ya miƙa masa. "Tunda yatsanka ya mutu, ga wannan. Kullum da safe ka zo. Ka soka shi a ƙasar nan, ka ƙirga ashirin, ka zare. In ya fito da ƙasa a jikinsa, ka ajiye buta ka zauna."

"In zauna in yi me, Baba?"

"Ka zauna kawai. Ba gyara, ba dabara, ba faci. Ka zauna kana kallonsa yana langaɓewa, hannunka yana ƙaiƙayi, ka ƙi zubawa. Ranar da ya yi sabon toho, ka tambaye ni. In bai yi ba, ka ajiye mini makullina a kan bulon nan, kada ka nemi ganina."

"Kwana nawa yake ɗauka?"

"Ka ji ko!" Baba ya juya ga Auta, ya buga sanda a ƙasa. "Kin ji shi? Ko minti ɗaya ba a yi ba!"

Auta ta rufe fuska da mayafi. Ko kuka take ko dariya, Mai Faci bai iya ganewa ba, kuma ya ji tsoron tambaya.

Da ya fito da buhun a kafaɗa zai kai bola, rigarsa tana ɗiga, tsinke a aljihu, sai ya tsaya a ƙofa ya lissafa abin da aka rasa. Shuka ashirin da tara daga cikin arba'in da biyu. Tukwanen ƙasa shida da suka fashe wajen cire faci. Farar riga ɗaya. Gwaggo ɗaya da ɗanta. Ganyen lemon duka, in ban da bakwai. Da "na amince" guda ɗaya, wadda ta yi tafiyar awa huɗu a mota ta iso har ƙofar gida.